Mai Makulli da Maganar Sito

Shugaban wannan taro, babanmu Rabaran, fastocinmu masu ci da waɗanda suka yi ritaya, dattawan ikilisiya, shugabar zumuntar mata da 'yan zumunta, mawaƙa, shugaban masu shaguna na layinmu, da maƙwabtanmu waɗanda ba addininmu ɗaya ba amma suka rufe shagunansu suka zo, ina gaishe ku duka. Mama, uwargidan marigayi, ke taki gaisuwar daban ce. 'Ya'yansa, surukai da jikoki, sannunku da haƙuri. Ubangiji ya ta'azantar da mu baki ɗaya.

Da aka aiko mini cewa ni zan yi magana a madadin jama'a, abu na farko da na tambaya shi ne, wa ya kawo sunana? Kun san halina, ba na karɓar abu sai na juya shi na duba bayansa. Akwai masu ilimi a cocin nan, akwai masu daɗin murya, me ya kai mutane ga tela? Ɗan saƙon ya ce kwamiti ne. Na ce a'a, kwamitinmu bai taɓa yanke magana da sauri haka ba. Da na bi diddigi sai na gano Mama ce ta ce ni take so. To, Mama, kin san wanda kika ɗauko. Waɗanda suka zo jin yabo za su ji, domin akwai abin yabo. Amma zan kuma taɓo maganar sito, maganar da ta ɓata sunan wannan mutum da na matarsa a cikinmu, wadda kowa ya sani, kowa kuma yake kewaye ta. Na ga wasu sun fara gyara zama. Ku zauna da kyau, ban kai can ba tukuna.

Shagona da nasa bango ɗaya ne. Ranar da ya zo kama wurin, da injinsa a ka, da wani allo mai ƙusoshi da yake rataye makullan da ba a yanka ba, na leƙo na tambayi sana'arsa. Ya ce yana yanka makulli, yana gyaran kwaɗo, in ƙofa ta ƙi buɗuwa kuma yana buɗe ta. Na ce a raina, ni da shagona ke kwana cike da yadin mutane, an kawo mini mai buɗe kowace ƙofa an ajiye a jikina. Washegari na tafi can nesa inda ba a san ni ba, na sayo ƙaton kwaɗo na garƙama. Da ya zo da safe ya tsaya ya dube shi, ya ce, "Maƙwabci, kada ka ji haushi, amma wannan kwaɗon girma ne kawai. Da ƙusa ma sai a buɗe shi." Maimakon in gode, sai na ce ashe har ya auna yadda zai yi. Na daɗe ina maƙala zare a bakin ƙofata in zan tashi, don in gane ko an taɓa ta. Zaren bai taɓa gocewa ba. Ashe duk yana kallona bai tanka ba, sai da muka tsufa ya ce da ni zaren da na ɓata a ƙofar nan ya isa ɗinka riga da wando.

Don haka in na ce muku mutumin nan mai gaskiya ne, ba daga bakin wani na ji ba. Na sa masa ido fiye da yadda kowa a nan ya sa masa.

Ya kasance mutum mai tambaya guda, kuma duk wanda ya taɓa kai masa aiki ya san ta. Kafin ya kunna inji sai ya ɗago ya dube ka ya ce, ƙofar waye? Har yaran layi suka sa masa suna Baba Ƙofar-waye, in ya wuce suna kira yana amsawa. In ka ce taka ce, sai ya tambayi inda kwaɗon yake. In ka fara kame-kame, sai ya ajiye makullin a kan tebur ya ce a zo da mai ƙofar. Na tuna wata mata da ta zo da ɗan makullin akwati a ƙulle a bakin zani, tana waige-waige. Ta ce na mijinta ne, ta zaro shi yana wanka, tana so a yanka mata maza-maza kafin ya lura. Ya ba ta benci, ya sa aka kawo mata ruwa, ya saurari duk abin da ke cinta har ta yi kuka. Sannan ya gaya mata cewa abin da take nema a akwatin nan a bakin mijinta ya kamata ta nema, in kuma tana tsoro, shi zai raka ta da wata dattijuwa. Ta tashi tana zaginsa. Ni da nake jin komai ta bango na ce masa aikin banza ya yi, shagon gaba za ta je a yanka mata. Ya ce ya sani, amma ba da hannunsa ba.

Haka ya yi wa wani mai gidajen haya da ya zo da makullan ɗakunan 'yan hayarsa a zobe guda, yana so a yi masa na biyu ba da saninsu ba. Mutumin ya buga tebur ya ce gidansa ne. Marigayi ya ce gidansa ne, amma ɗakin na wanda yake kwana a ciki ne. Wannan mai gida bai ƙara taka shagonsa ba, ya kuma hana wasu.

Akwai abin da ba ya taɓawa sam, wato sabulu. Ga waɗanda ba su sani ba, mai son kwafar makullin wani a ɓoye yakan danna shi a jikin sabulu, siffarsa ta fito, sai ya kai wa mai yanka. Marigayi yakan ce mai gaskiya yana zuwa da makulli ko da kwaɗo, wanda ya zo da sabulu kuwa ya riga ya gaya maka ko shi wane ne.

Ya kasance mai aiki da zuciya ɗaya. Kafin ya buɗe shago sai ya tsaya a bakin ƙofar, ya cire hula, ya yi addu'arsa, ko ana ruwa. Inji yana yanka makulli cikin ɗan lokaci, amma shi sai ya ɗaure shi ya bi shi da magagari, ya shafa da yatsa, ya hura, ya sake bi. In tsohuwa ce ko mara lafiya, sai ya rufe shago ya bi ta har gida ya gwada a ƙofar da kansa, don kada ta je ya ƙi buɗewa ta sake dawowa. In an ɗauke wuta, mu duk mu fito mu zauna hira, shi kuwa ya ci gaba da hannu yana rera waƙoƙin sujada. A nan dai zan faɗi gaskiya ko a gaban mawaƙa, Allah bai ba shi murya ba. Na sha buga masa bango. Yau da zan ji muryar nan ta bango, da na kashe keken ɗinkina na saurara.

Ya kasance mai ƙauna, irin wadda ake gani da ido. Akwai uwa a nan wadda 'yarta ƙarama ta kulle kanta a ɗaki da tukunya a kan wuta. Da gudu ya tafi, takalmi ƙafa ɗaya, ya buɗe, ya dawo ya ci gaba da aikinsa kamar ba shi ba. Ƙofofin azuzuwan makarantar unguwa shi yake bi yana gyarawa duk hutu, ba wanda ya sa shi. Kabad ɗin magani na ƙaramin asibitinmu in ya cije, shi ake kira. Maƙwabtanmu da suke zaune can gefen dama, ku ne shaida, in ɗayanku zai yi doguwar tafiya, a hannun wa yake barin makullin gidansa? Ba a hannuna ba dai. A hannun wannan mutum, wanda ba wurin ibadarku ɗaya ba.

Kada kuma wani ya ɗauka jaraba ba ta zuwa masa. Wata rana wani mutum ya zo da mota mai kyau, ya nuna masa hoton wani makulli a waya, na wani ofis, ya ce in ya yi masa shi zai saya masa sabon inji, irin mai yanka makullin mota. Shekara da shekaru marigayi yana mafarkin injin nan, yana nuna mini hotonsa har na gaji. Ya yi tambayarsa ta kullum, mutumin ya yi dariya ya ce ina ruwansa. Marigayi ya ce masa ya sauka lafiya. Da motar ta tafi sai ya shigo shagona ya zauna a kan buhun ƙyallaye. Ya ce da ni ya so injin nan ƙwarai, har zuciyarsa ta fara kawo masa dalilai, wai ƙila ofishin na mutumin ne. Ya roƙe ni in yi addu'a tare da shi don kada mutumin ya dawo gobe ya same shi da sanyin gwiwa. Tun daga ranar na daina yi masa kallon wanda bai san daɗin duniya ba. Ya sani sarai, ƙi yake yi.

To, mun iso sito.

Matasan cikinku ba su san farkon maganar ba, sai wutsiyarta. A lokacin Mama ce ke riƙe da makullin siton coci, inda ake ajiye janareta da lasifika da kayan kiɗa. Ita ke wanke kofunan jibin Ubangiji, waɗanda ake zagayawa da su a sha a sujadar tunawa da Almasihu, a bakin famfon bayan coci, kuma in za ta yi wankin takan cire makullin daga wuyanta ta rataye shi a ƙusar da ke jikin bango, don kada igiyar ta jiƙe. Duk mai zuwa share-share ko koyon waƙa ya san ƙusar nan. Kwaɗon siton kuwa marigayi ne ya sa shi, makullin ma shi ya yanka.

Wata rana da rana tsaka, na tafi kai ɗinki, wani ya shigo shagonsa da sabulu a naɗe a takarda. Allah ya sani, har yau ina cizon yatsa a kan fitar nan da na yi. Marigayi yana buɗe takardar ya gane siffar, domin aikin hannunsa ne. Makullin matarsa ne. Wanda ya kawo kuma ɗan cocin nan ne, shi ya sa abin ya fi yi masa ciwo. Daga abin da ya gaya mini daga baya, mutumin ya durƙusa ya yi kuka, ya ce matsi ne ya kai shi, ya yi alkawari ya bar maganar. Marigayi ya farfasa sabulun a gabansa, ya yi masa faɗa, ya yi addu'a da shi, ya sallame shi.

Amma hankalinsa bai kwanta ba, domin wanda ya danna makulli a sabulu sau ɗaya zai iya sakewa ya kai wa wani mai yanka. A ranar ya je ya sami kwamitin kayan coci ya ce a bar shi ya canza kwaɗon sito, kyauta, yau ɗin nan. Aka tambaye shi dalili, ya ce yana da dalilinsa. Aka ce masa ba a taɓa kayan coci sai an zauna, zaman kuma sai ƙarshen wata. Ya sake komawa, aka ce ya cika garaje. Kafin ƙarshen wata ya zo, ranar Lahadi da safe aka tarar da sito a buɗe, ba janareta, ba lasifika, ba kayan kiɗa. Ba a ɓalle ƙofa ba, ba a fasa kwaɗo ba. Da makulli aka buɗe.

Kun san lissafin da aka yi, domin a bakin ƙofar nan aka yi shi, ƙus-ƙus. Matar ce ke riƙe da makulli, mijin ne ke yanka makulli, kuma ya aka yi ya san za a yi sata har ya zo yana neman canza kwaɗo? Wasu suka ce dabara ce ta wanke kai tun kafin a yi. Gargaɗin da ya kawo don ya tsare kayan coci, shi aka juya aka ɗaure shi da shi.

Dattawa suka kira shi, ni ma na bi shi ba a gayyace ni ba. Ya faɗi maganar sabulu daga farko har ƙarshe, bai rage komai ba sai suna. Aka ce ya faɗi sunan. Ya ce, "Sabulu na gani, ban ga wanda ya buɗe sito ba. In na kira suna, za ku ce shi ne ɓarawon, na zama na ba da shaidar abin da ban gani ba. In kuma shi ne, na riga na je na gaya masa ya zo ya faɗa da bakinsa. Ina jiransa." Wani dattijo, Allah ya ba shi hutawa, ya ce to in haka ne sabulun ma ƙirƙira ce. Marigayi ya sunkuyar da kai. Ba a hukunta shi ba, ba a kuma wanke shi ba. Aka ce a bar wa Allah, aka tashi.

A hanyar komawa na sauke masa kwandon masifa. Na ce ya zaɓi ɓarawo a kan matarsa. Na ce wannan ba ibada ba ce, taurin kai ne da aka sa masa rigar coci. Ya bar ni na gama, sannan ya ce yana jin duk abin da na faɗa, kuma zuciyarsa ma haka take gaya masa kowace safiya. Ya ce mutumin yana da iyali, kuma in aka jefa sunansa cikin jama'a da zafinsu a lokacin, ba zai ƙara shiga coci ba har abada, 'ya'yansa ma haka. Na ce kai naka 'ya'yan fa? Sai ya tsaya a bakin hanya ya share ido.

Mama, ki yi mini izini in faɗi naki. A ranar ya zaunar da ita ya ce in ta ce ya faɗa mata sunan, zai faɗa, domin ita aka fi cuta. Ta ce kada ya faɗa. Ta ce in ta sani, ba za ta iya karɓar jibin Ubangiji daga tire ɗaya da mutumin ba, kuma ba ta so a raba ta da teburin Ubangiji saboda janareta. Washegari ta kai makullin ta miƙa. Ba wanda ya ce mata a'a, riƙe. Ba wanda ya ce mun yarda da ke. Hannu biyu aka sa aka karɓa. Daga nan ta koma bencin ƙarshe na bakin ƙofa, ta daina fita zumunta, domin in ta shigo ɗaki sai hira ta mutu, wasu su jawo jakunkunansu kusa.

Shi kuwa da yawa daga cikinmu sun daina kai masa aiki. Ina zaune a kan kekena ina ganin 'yan cocin nan suna wucewa ta gaban shagonsa da kwaɗo a hannu, suna kau da kai, su tafi shagon gaba. Na san su ɗaya bayan ɗaya, wasu ma yanzu ina ganinsu da hankici a ido. Duk da haka bai fasa zuwa sujada ba ko sau ɗaya, ya kuma ci gaba da gaishe su da sunan 'ya'yansu. Da ƙofar ofishin Rabaran ta cije bayan wasu shekaru, aka rasa mai buɗewa, aka aika masa a kunyace. Ya ɗauki jakarsa ya zo, amma ya ce sai dattijo ya tsaya a kansa har ya gama.

Ni kuwa na yi ta bincikena. Duk wanda ya yi sabon takalmi bayan satar nan sai da na dube shi sau biyu. Wanda ya daina haɗa ido da marigayi na zarge shi, wanda ya cika gaishe shi ma na zarge shi. Na sha ɗana masa tarko a cikin hira, in ce wane dai kwana biyu ya rame, ko in ce wane ya cika kuka a wurin addu'a, ina kallon fuskarsa. Sai ya yi murmushi ya ce, maƙwabci, ɗinkin mutane yana jiranka. Bai taɓa cewa komai ba sai "mutumin nan". Wata rana ya ce da ni, injin da ya ƙi karɓa jarabar yini ɗaya ce, amma sunan nan kullum yana tashi da shi a kan harshe, musamman in ya waiwaya a coci ya hango matarsa a can baya. Ya ce kullum sai ya roƙi ƙarfin yini guda, ba ya roƙon na gobe.

Wani zai ce maganar ta tsufa, me ya sa tela yake tono ta a ranar makoki? Zan gaya muku. Ba a daɗe ba jikarsa ta dawo daga makaranta tana kuka, wai wata yarinya ta ce mata kakanta ne ya sace janaretan coci. Yarinyar da ta faɗa ba a ma haife ta ba lokacin da aka yi abin. A wani gida ta ji, daga bakin manya, kuma gidan yana da wakili a wannan ɗaki.

Da ciwo ya kwantar da shi, kullum in na tashi daga shago sai in je in zauna da shi. Mutane suna zuwa dubiya, kuma na lura duk lokacin da aka yi sallama a waje sai ya ɗago kai da sauri, ya ga ko wane ne, sannan ya mayar da kan a hankali. Na gane wanda yake jira. Na tambaye shi ko mutumin yana raye, ya ce yana raye. Na ce yana zuwa cocinmu har yanzu? Ya ce yana zuwa. Na roƙe shi, na ce ga shi jiki ya yi nisa, ya faɗa mini ni kaɗai, don Mama, don jikokinsa. Ya ce in ya faɗa mini, kafin rana ta faɗi duk layi ya ji. A nan dai bai yi mini ƙarya ba.

Sai ya kama hannuna ya ce akwai abin da zan yi masa. Ya ce mutumin zai zo taron tunawa, ba zai iya ƙin zuwa ba. Ya ce in tsaya a gaban kowa in faɗi wannan, ko an ba ni dama ko ba a ba ni ba, tunda ban san fuskar da zan kalla ba.

To, kai mutumin nan, ga abin da ya ce in gaya maka. Ya ce, "Ban faɗa wa kowa ba, kuma na tafi da shi. Na yafe maka tuntuni, ban fasa yi maka addu'a ba. Ba janareta nake so ka mayar ba. Ka je wurin matata da rana, ka zauna, ka gaya mata da bakinka, sannan ku tafi tare wurin Rabaran. Ni na iya ɗauka, amma ita ta ɗauka ya isa."

Na isar. Tun da na hau nan nake bin fuskokinku ɗaya bayan ɗaya, kuma har yanzu ban gane ka ba. Ka iya zama, na ba ka wannan. Amma ka sani, mutum ɗaya ne a duniya ya san ka, ya rufa maka asiri har kabari, kuma yanzu babu wanda zai tona ka. In ka yi shiru, ka tsira daga gare mu. Abin da ya rage tsakaninka ne da Allah, da wannan tsohuwa. Na tambaye ta, ta ce in faɗa a gaban jama'a cewa ba za ta kira hukuma ba, ba za ta ɗaga murya ba, kujera ma za ta ba ka.

Kai kuma babban ɗan marigayi, na ji abin da kake faɗa, cewa in ka gano mutumin nan sai dai wani ba shi ba. Ɗana, na fi ka zafi, kuma na riga ka. Amma mahaifinka ya tsare wannan mutum shekaru masu yawa, ya biya da sunansa. Kada ka rushe masa aikin. In ka ga wani ya shigo gidanku yana rarraba ido, yana tambayar Mama, ka nuna masa ɗaki, ka fita ka ba su wuri. Ku 'ya'yansa mata, ku gaya wa 'ya'yanku su ɗaga kai a makaranta, kakansu bai ɗauki ko allurar wani ba.

Mu kuma sauran jama'a, ba sai mun jira mutumin nan ba. Ku dubi inda Mama take zaune yau. Tun bayan maganar sito, wannan ne karo na farko da ta zauna a bencin gaba, kuma sai da mijinta ya mutu muka kawo ta. Ranar Lahadi mai zuwa zan zo da wuri in ga inda za ta zauna, in kuma ga wa zai zauna kusa da ita.

A madadin iyali ina gode wa Rabaran da dattawa, da masu jinyar da suka kula da shi, da zumuntar mata da suka tsaya a kan hidimar baƙi, da maƙwabtan da suka ɗauke wa gidan nauyi tun ranar rasuwar. Na gode da kuka saurare ni, har da waɗanda ba su ji daɗi ba. Mu sunkuyar da kai.

Ya Ubangiji Allah, mun gode maka domin bawanka da ka ba mu aro, wanda ya yi aiki da gaskiya, ya ƙaunace mu ko da muka juya masa baya. Ka karɓe shi cikin hutunka. Ka zama miji ga gwauruwa, uba ga marayu. Ka wanke bakinmu daga abin da muka faɗa ba mu gani ba. Mutumin nan kuwa, Kai ka san shi, ka san bencin da yake zaune a kai yanzu. Da ta ni ce, da na roƙe ka ka hana shi sukuni, amma bawanka ba haka ya roƙa masa ba. Don haka muna roƙonka ka ji tausayinsa, ka cire masa tsoro, ka ba ƙafarsa ƙarfi ta kai shi gidan Mama tun tana da rai. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu muka roƙa. Amin.